Wace shaidar ƙwarewa ta dace da lauyan diyyar mutuwa a Ingila da Wales?

A Ingila da Wales babu wata doka da ta wajabta wa lauya mallakar shaida ta musamman kafin ya karɓi ƙarar iyalan da suka rasa ɗan'uwansu a haɗarin mota, ko a wurin aiki, ko a gadon asibiti. Muddin yana riƙe da lasisin aiki daga hukumar SRA, wadda ke sa ido kan lauyoyin da ke hulɗa kai-tsaye da masu ƙara, yana iya buɗe fayil yau ko da bai taɓa lissafa diyyar marayu ba. Shaidar ƙwarewa ta ganin dama ce: ƙungiyar masu sana'ar ce take duba ayyukan mutum, idan ta gamsu sai ta ba shi laƙabi da tambarin da zai sa a takardunsa. A ganina darajar irin wannan shaida ta ƙaru tun daga Nuwamban 2016, lokacin da SRA ta soke tilascin yin sa'o'i 16 na ƙarin horo a kowace shekara, ta bar wa kowane lauya ya auna buƙatarsa da kansa.

Lauyan da ya yanke shawarar neman shaida yakan tarar da ƙofofi huɗu a gabansa: ta APIL, ƙungiyar lauyoyin ƙarar rauni, wadda ta ware shaida guda don ƙararrakin mutuwa, ta Law Society, uwar ƙungiyar lauyoyin ƙasar, ta AvMA, ga masu shari'ar sakacin asibiti, sai kuma littattafan jeren lauyoyi irin su Chambers da Legal 500. Ba abu ɗaya suke aunawa ba, saboda haka kafin a kwatanta su sai an fara sanin abin da aikin kansa yake buƙata.

Abin da ya raba wannan aiki da sauran ƙarar rauni

Idan mutum ya mutu sakamakon laifi ko sakacin wani, ƙara biyu ce take tashi a lokaci guda. Ta farko ta dukiyar mamacin ce, a ƙarƙashin wata doka ta 1934, kuma tana neman abin da shi mamacin zai iya nema da yana raye, kamar diyyar azabar da ya sha tsakanin rauni da cikawa da albashin da ya rasa a wannan tsakanin. Ta biyu ta waɗanda yake ɗauke da nauyinsu ce, a ƙarƙashin Dokar Haɗurran Mutuwa ta 1976. Jerin masu wannan haƙƙi yana da faɗi: mata ko miji, wanda ya zauna da mamacin zaman aure a gida ɗaya na aƙalla shekara biyu, 'ya'ya da jikoki, iyaye da kakanni, har da 'yan'uwa da baffanni da kawunnai da gwaggonni da 'ya'yansu, matuƙar za su nuna cewa sun yi asarar wani tallafi. Dokar ta ce ƙara ɗaya tak za a shigar a madadin kowa, wanda ke nufin lauyan da bai tambayi iyali da kyau ba yana iya barin tsohuwar da mamacin ke aika wa kuɗi duk wata a waje, kuma gyara wannan kuskure bayan an rufe shari'a abu ne mai matuƙar wuya.

Kuɗin baƙin cikin rashi ƙayyadadde ne, fam 15,120 ga mutuwar da ta auku daga 1 ga Mayun 2020, kuma masu karɓarsa kaɗan ne: mata ko miji, abokin zama na shekara biyu tun daga gyaran dokar da aka yi a Oktoban 2020, da iyayen yaron da bai kai shekara 18 ba kuma bai yi aure ba. Ɗan da ya rasa mahaifinsa ba ya samun ko sisi daga wannan kuɗi. Bayyana wa iyali wannan hukunci ba tare da an ƙara musu ciwo ba yana daga cikin gwanintar da babu jarrabawar da ke iya aunawa.

Babban kuɗin yana cikin lissafin tallafin da aka rasa. A ɗauki misalin magidancin da ke samun fam 30,000 a shekara bayan haraji, matarsa na samun 12,000, suna da yara biyu. Bisa ƙa'idar da kotuna suka saba bi tun 1984, za a haɗa kuɗin biyu ya zama 42,000, a ɗauki kashi 75 cikin ɗari, wato 31,500, a cire na matar, ya rage 19,500 a shekara. Idan yaran suka girma suka tsaya da ƙafafunsu, kason yakan koma biyu bisa uku, adadin ya sauko zuwa 16,000. Daga nan sai a ninka da adadin da ake ɗaukowa daga jadawalin Ogden, wato jadawalin da kotuna ke amfani da shi wajen lissafin asarar shekaru masu zuwa, wanda ya dogara da ma'aunin ragin da gwamnati ke sanyawa saboda ribar da kuɗin da aka biya a dunƙule zai iya kawowa. Wannan ma'auni ya tashi daga ƙasa da sifili zuwa rabin kashi ɗaya cikin ɗari a ranar 11 ga Janairun 2025, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2016 a shari'ar Knauer ake fara lissafin asarar gaba daga ranar shari'a maimakon ranar mutuwa. Har yanzu ba a zo kan fansho ba, ko kan ƙimar hidimomin da mamacin ke yi wa gida, kamar renon yara da gyare-gyare. Ga kuma wa'adin shekara uku na shigar da ƙara, da wajibcin samun amincewar alƙali kan duk wani sulhu da ya shafi rabon ƙaramin yaro.

Kafin duk wannan akan yi zaman binciken sanadin mutuwa, inda jami'in binciken ke amsa tambayoyi huɗu kawai: wane ne ya mutu, yaushe, a ina, kuma ta yaya. Ba shi da ikon ɗora wa kowa alhakin biyan diyya, amma shaidun da aka bayar a gabansa su ne sau da yawa suke zama ƙashin bayan ƙarar da za ta biyo baya.

Ma'aunan da za a yi amfani da su

Na farko, kuma mafi nauyi, shi ne kusancin shaidar da wannan aiki da aka bayyana. Na biyu tsada, wadda ta haɗa da kuɗi da sa'o'in da za a janye daga aikin da ke kawo riba. Na uku ƙarko: tsawon lokacin da shaidar ke aiki, da ko tana bin mutum idan ya sauya ofis. Na huɗu sauƙin samu. Na biyar haɗari, wato hanyoyin da shaidar za ta iya yaudarar mai ita ko iyalan da suka dogara da ita.

Shaidar APIL ta ƙararrakin mutuwa

An kafa APIL a 1990, hedikwatarta na Nottingham, kuma ƙungiya ce ta lauyoyin da ke tsaya wa waɗanda aka ji wa rauni, ba masu kare kamfanonin inshora ba. Tsarinta na matakai ne: Litigator, sai Senior Litigator, sai Fellow, sai Senior Fellow. A kan waɗannan matakai ta ɗora shaidu na fannoni, kamar raunin ƙwaƙwalwa, raunin laka, cututtukan asbestos, sakacin asibiti, da ƙararrakin mutuwa. Ba a tsallakawa zuwa shaidar fanni kai-tsaye. Sai mutum ya kai matakin Senior Litigator, wanda galibi na masu kimanin shekara biyar ne a cikin aikin kuma suna iya tafiyar da shari'a ba tare da wani na tsaye a kansu ba.

Ta fuskar kusanci da aikin babu wadda ta kamo ta, domin ita kaɗai ce a cikin huɗun ta ambaci mutuwa da sunanta. Ana auna mai nema da rubutaccen ma'aunin iyawa, ya haɗa kundin shaidar ayyukan da ya yi, wani gogaggen lauya da ya san aikinsa ya duba ya tabbatar. Tsadarta ta gaskiya tana cikin abin da ke biyo baya: kuɗin zama mamba a kowace shekara, da sa'o'i 16 na horon da ƙungiyar ta amince da shi duk shekara, wanda ke cin kuɗin kwas da ranakun aiki. Ana sake tantance mutum duk bayan shekara biyar, kuma shaidar tasa ce, tana binsa duk inda ya koma.

Wahalarta tana kan lauyan ƙaramin ofis. Ƙararrakin mutuwa ba su da yawa idan aka kwatanta da na karaya da targaɗe, kuma manyansu sukan tafi wurin manyan kamfanoni, don haka wanda ke samun guda ɗaya ko biyu jefi-jefi zai daɗe kafin kundinsa ya cika. Akwai kuma abin dubawa game da mai tantancewa, domin idan shugaban mutum ne a ofis ɗaya, yana da amfanin kansa a cikin nasarar wanda yake dubawa. Wannan bai rushe darajar shaidar ba, tunda wanda ya zauna kusa da fayil ya fi kowa ganin aibinsa, amma gaskiya ce da ya kamata a faɗa. Haɗari na ƙarshe shi ne jama'ar gari ba su san sunan APIL kamar yadda lauyoyi suka san shi ba, saboda haka mai tambarin sai ya yi bayaninsa da bakinsa.

Shaidar Law Society ta ƙarar rauni

Law Society, da ke titin Chancery Lane a Landan, tana da tsarin tantance lauyoyin ƙarar rauni gaba ɗaya. Mai nema yana gabatar da tarihin aikinsa da bayanin shari'o'in da ya gudanar, masu tantancewa na ƙungiyar, waɗanda ba abokan aikinsa ba ne, su duba. Akwai kuɗin nema da kuɗin zama a cikin tsarin, shaidar tana da wa'adi, kuma sai an sake nema idan ya cika.

Ƙarfinta suna ne. Bazawarar da ba ta taɓa shiga ofishin lauya ba tana iya gane cewa tambarin Law Society abu ne na hukuma, kuma shafin neman lauya na ƙungiyar a intanet yana nuna masu riƙe da shaidar. Rauninta shi ne faɗi. Lauyan da ya ƙware a faɗuwa daga tsani da haɗarin babur yana iya samunta ba tare da ya taɓa zama a zauren binciken sanadin mutuwa ba. Tana cewa mutum ya iya ƙarar rauni, ba ta cewa ya iya raba diyya tsakanin uwa da marayu. Ga lauyan da ayyukansa suka gauraya, wannan faɗin alheri ne, domin zai iya cika sharuɗɗanta da abin da ke kan teburinsa.

Kada a haɗa ta da Lexcel, wadda ita ma ta Law Society ce. Lexcel tana auna yadda ofis ke tafiyar da fayiloli da koke-koken abokan hulɗa, ta ofis ce, ba ta ce komai game da ilimin lauya ɗaya ba.

AvMA da takwarorinta na sakacin asibiti

Mutuwar da ta faru a hannun likita duniya ce daban. A haɗarin mota tambayar wane ne ya yi laifi takan warware da rahoton 'yan sanda, sai a koma kan lissafi. A asibiti kuwa yaƙin yana kan nuna cewa da an yi abin da ya dace da mara lafiyar ya rayu, alhali ya zo da cutarsa tun farko. Wannan yana buƙatar lauyan da ya iya karanta fayil ɗin asibiti da rahoton binciken gawa, ya san wane ƙwararren likita zai nema da tambayar da zai yi masa. Hukuncin Kotun Ƙoli na Janairun 2024 a shari'ar Paul ya ƙara ƙuntata fagen, inda ya kusan rufe ƙofar diyya ga dangin da suka kamu da ciwon taɓin hankali saboda ganin mutuwar ɗan'uwansu daga cutar da likita ya yi sakacin ganowa.

AvMA ƙungiyar agaji ce da aka kafa a 1982 don kare marasa lafiyar da aka cutar, kuma tana da jerin ƙwararrun lauyoyin da ta tantance. Abin da ya bambanta ta shi ne ba ƙungiyar lauyoyi ba ce, tana kallon mai nema da idon mara lafiya da iyalansa, tana kuma tura masu neman taimako wurin lauyoyin da ke jerinta. Wannan yana nufin tana iya kawo aiki, abin da tambari kaɗai ba ya yi. Shiga jerin yana da wuya, sai wanda mafi yawan aikinsa sakacin asibiti ne na tsawon shekaru, kuma ana sake duba shi lokaci-lokaci. Law Society da APIL kowacce tana da tata shaidar ta wannan fanni, kuma ana karɓar irin waɗannan shaidu a matsayin sharaɗin mai kula da aiki a kwangilar tallafin shari'a na gwamnati. Sai dai tun Afrilun 2013 wannan tallafi a fannin sakacin asibiti ya taƙaita ga jariran da suka samu mummunan raunin ƙwaƙwalwa a lokacin ciki, ko haihuwa, ko makonni takwas na farko, saboda haka amfaninsa ga ƙarar mutuwar babba kaɗan ne.

Haɗarinta ɗaya ne da na shaidar Law Society, ta wata fuskar: tana tabbatar da iya kafa laifi, ba ta tabbatar da iya lissafin tallafin da aka rasa ba. Ga mutuwar da ta faru a kan titi ko a masana'anta kuwa, ba ta da wata alaƙa.

Chambers da Legal 500

Waɗannan kamfanoni ne masu wallafa jeren lauyoyi duk shekara, bayan sun karɓi bayanan ofisoshi sun kuma tuntuɓi abokan hulɗa da sauran lauyoyi. Gabatar da bayani kyauta ne, amma haɗa shi yana cin makonnin ma'aikata, kuma ana biyan kuɗi idan ana son faffaɗan shafin talla. Matsayin na shekara ɗaya ne. Suna da tasiri a tsakanin lauyoyi da masu tura manyan ayyuka, amma suna auna suna ne, kuma rukunansu na ƙarar rauni da sakacin asibiti ne a dunƙule. Babu mai buɗe fayil ya duba ko lissafin fansho ya fita daidai. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Na sa su a nan ne kawai saboda ofisoshi da yawa suna nuna su kamar shaidar ƙwarewa.

| Ma'auni | APIL, fannin mutuwa | Law Society, ƙarar rauni | AvMA | Chambers da Legal 500 |
|---|---|---|---|---|
| Kusanci da aikin | Kai-tsaye | A dunƙule | Mutuwar asibiti kawai | Nesa |
| Inda tsadar take | Kuɗin mamba da sa'o'i 16 duk shekara | Kuɗin nema da na zama | Shekarun taƙaita aiki ga fanni ɗaya | Lokacin ma'aikata da kuɗin talla |
| Ƙarko | Shekara biyar, tana bin mutum | Wa'adi, tana bin mutum | Ana sake dubawa, tana bin mutum | Shekara ɗaya |
| Sauƙin samu | Sai an hau mataki tukuna | Matsakaici | Da wuya | Ya fi sauƙi ga babban ofis |
| Babban haɗari | Ƙarancin shari'o'i | Faɗi | Ba ta shafi lissafin diyya ba | Suna ba tare da duba aiki ba |

Abubuwa biyu sun shafi dukkansu. Na farko, babu wadda ke ƙara wa lauya kuɗin sa'a da kanta, domin ma'aunin da kotuna ke dubawa wajen tantance kuɗin lauya ya dogara da shekarun gogewa, inda babban rukuni yake na waɗanda suka haura shekara takwas. Ribar shaida tana zuwa ta hanyar irin ayyukan da ke shigowa. Na biyu, ƙa'idojin SRA sun hana tallar da ke yaudara, don haka ofishin da ya bar tambari a shafinsa bayan mai shaidar ya tafi, ko bayan wa'adinta ya ƙare, ya jawo wa kansa tuhuma.

Wa ya dace da wacce

Lauyan da mutuwar titi da ta wurin aiki da ta cututtukan masana'antu suka zama kaso mai tsoka na aikinsa, ya nemi shaidar APIL ta fannin mutuwa, ko da zai ɗauki shekaru yana hawa matakan. Wanda bai kai nan ba tukuna ya fara da matakin Litigator, ya roƙi shugabansa ya riƙa ba shi rubuta jadawalin asara da halartar zaman binciken sanadin mutuwa, yana adana shaidar kowane aiki tun daga ranar farko.

Lauyan ƙaramin ofis a garin da ƙarar mutuwa ke zuwa sau ɗaya a dogon lokaci, shaidar Law Society ta fi dacewa da gaskiyar aikinsa. Idan babbar shari'a ta faɗo masa, mai marayu ƙanana da kasuwancin da mamacin ke gudanarwa da kansa, ya ɗauki barista gwani, wato lauyan da ya ƙware a tsayawa gaban kotu, tun da wuri ko ya miƙa ta ga wanda ya fi shi.

Wanda mamatansa na asibiti ne ya nufi AvMA ko takwarorinta, sannan ya cike giɓin lissafin diyya da horo na musamman, ko ya ƙara da shaidar APIL idan ayyukansa sun isa. Shugaban sashe a babban kamfani shi ne zai amfana da Chambers da Legal 500, amma bayan mutanen da ke ƙarƙashinsa sun riga sun mallaki ɗaya daga cikin ukun farko. Mai aiki a Sikotlan kuwa lissafinsa daban ne, domin can dokar diyya ta 2011 ce ke aiki, kotu ce ke ƙiyasta kuɗin baƙin ciki ga kowane dangi gwargwadon kusancinsa da mamacin, kuma ƙungiyar lauyoyin Sikotlan tana da nata tsarin tantance ƙwararru.

Iyalan da ke neman lauya su ma suna iya amfani da wannan kwatanci, ta hanyar tambayoyi uku a zaman farko: wane ne zai riƙe fayil ɗin da kansa, wace shaida ce a kan sunansa shi ba sunan ofis ba, kuma ko zai tsaya musu a zaman binciken sanadin mutuwa. APIL da Law Society da AvMA duk suna da shafin nema a intanet inda za a iya tabbatar da amsar tambaya ta biyu kafin a sa hannu a kan wata yarjejeniya.